Bututun salansa ya ƙi zama a jikin manifol na kas: walda, tagulla ko noti?

Baban_Ummi: Assalamu alaikum. Masu walda da makanikai na wannan zaure, ku taimaka mini da shawara. Ina da fikof Peugeot 504 da nake ɗaukar hatsi da ita daga ƙauyukanmu zuwa Dawanau. Wata biyu da suka wuce kunnen manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin inji, ya karye, daidai inda noti ke ɗaure bututun salansa. Na kai wa wani mai walda, ya ce ba sai da kunne ba, ya zura bututun a bakin manifol ya zagaye shi da walda. Kwana huɗu ya yi ya tsage. Na mayar masa, ya ƙara cikawa har ta fi ta farko kauri, mako bai zagayo ba ya sake rabuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba waldar ce ta tsage ba, gefenta ne ya ɓalle, da guntun manifol ɗin manne a jikinta. Yanzu ƙara ta cika kunne, hayaƙi yana shigowa gidan gaba. Shin ana iya haɗa bututun ƙarfe da kas, wato ƙarfen zubi irin na manifol ɗin, ya zauna, ko kuɗina kawai nake zubarwa?

Oga_Panteka: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai, wace sanda ya yi amfani da ita? Kuma ya cire manifol ɗin daga jikin inji ko a nan ya yi aikin?

Baban_Ummi: Irin sandar da yake waldar ƙofofi da tagogi da ita ce, na ga kwalin an rubuta 6013. Bai cire komai ba, ya kwanta a ƙarƙashin mota ya yi. Da ya gama, yaron shagon ya watsa ruwan leda a wurin don in samu in tafi da wuri.

Oga_Panteka: To ai ka gama ba da amsa da bakinka. Sandar ƙofa, ba a gasa ƙarfen ba, sannan aka bi shi da ruwa. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya isa ya kashe aikin kas, kai an haɗa maka duka. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a a Kaduna, ban taɓa ganin 6013 ta riƙe manifol ba. Tana yin kyau a ido ranar da aka yi ta, shi ke nan.

Dan_Maƙera: Ruwan nan shi ne ya fi yi mini ciwo. Ko tukunyar kas ka ɗauke daga wuta ka zuba mata ruwan sanyi sai ka ji ta yi ƙas.

Injiniya_Hadiza: Baban Ummi, abin da ka lura da shi, cewa gefen waldar ne ya ɓalle ba tsakiyarta ba, shi ne asalin labarin. Bari in yi bayani kaɗan.

Bututun salansa ƙarfe ne mai laushi, sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba. Kas kuwa yana ɗauke da kabon kimanin kashi 2.5 zuwa 4 cikin 100, wato ya ninka na bututun fiye da sau goma. A cikin kas na manifol, yawancin kabon ɗin nan yana zaune ne a matsayin 'yan siraran ɓawo na girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. Shi ya sa in ka goga kas da fayil hannunka ke yin baƙi, shi ya sa kuma ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye.

Idan wutar walda ta narka gefen kas, kabon ɗin sai ya narke cikin ƙarfen. In wurin ya huce da sauri, kabon ba ya samun sukunin komawa girafait, sai ya daskare ya zama wani siririn layi mai tsananin tauri da saurin fashewa kamar gilashi. Layin nan yana nan ne daidai kan iyakar walda da kas. Ita kuma waldar 6013 tana tsukewa lokacin da take hucewa, tana jan kas ɗin, shi kuma ba ya miƙewa ya bi ta. Tsagar tana nan tun kafin ka bar shagon, kwana huɗun da ka samu girgizar hanya ce kawai take ƙarasa ta. Ƙara kaurin walda a karo na biyu ƙara ƙarfin ja ne, ba ƙara riƙo ba.

Sadiq_Mekanik: Hajiya Injiniya Allah ya ƙara basira. Amma ni a ganina tun farko hanyar ce ba daidai ba, ko da sandar zinare aka yi. Kamfani bai haɗa salansa da manifol da walda ba, da noti ya haɗa, da gaskit a tsakani. Ba don sun kasa walda ba ne. Inji yana rawa a kan robobinsa, salansa kuma tana rataye a jikin bodi. Dole a bar wa mahaɗar nan wurin da za ta ɗan motsa. Kuma gobe in za a sauke inji ko a canza salansa, sai an yanka da giranda kenan?

Oga_Panteka: Sadiq, gaskiyarka a nan. Ni ma in aka kawo mini irin wannan, kunnen nake gyarawa, ba na manna bututu a baki. Amma a ce kas ba ya waldawa da ƙarfe, wannan kuma ban yarda ba. Yana yi, in an bi ƙa'ida.

Sadiq_Mekanik: Ban ce ba ya yi ba Oga. Na ce bai kamata a yi shi a wannan wurin ba.

Malam_Tagulla: Ku yara kun saba da wutar lantarki, komai sai sanda. Mu da muka koyi aiki da gas na kabayid, liƙin tagulla muke yi wa kas. Ka wanke wurin, ka gasa shi ya yi ja-ja, ka tsoma sandar tagulla a hodar boraks, ta narke ta bi jikin ƙarfen kamar man shanu. Kas ɗin ba ya narkewa ko kaɗan, saboda haka wannan layin mai tauri da 'yata Injiniya ta faɗa ba ya samuwa. Tagulla ta kama kas, ta kama bututu, ba ruwanta da bambancinsu. Na liƙa kafafun keken ɗinki, na liƙa jikin famfon ruwa, na liƙa murfin giyabos, suna nan suna aiki.

Injiniya_Hadiza: Baba, hujjarka tana da ƙarfi. Tagullar liƙi tana narkewa a wajen digiri 870 zuwa 900 na ma'aunin Salshiyos, kas kuwa sai ya kai kusan 1,150 zuwa 1,200, don haka ba a taɓa jikinsa. A kan famfo da keken ɗinki babu abin da ya fi ta. Damuwata a manifol ita ce zafi. Injin fetur da ya ɗauki kaya yana hawan tudu, hayaƙin da ke fita daga cikinsa yana iya haura digiri 700. Tagulla ba sai ta narke ba kafin ta saki, tun tana nesa da narkewa ƙarfinta yake raguwa sosai. Ga nauyin salansa yana ja.

Malam_Tagulla: 'Yata, na ji lissafinki kuma ban raina shi ba. Amma na liƙa manifol na injin niƙa, Lister, ya shekara yana aiki daga safe zuwa magariba.

Injiniya_Hadiza: Na yarda Baba. Injin dizal mai tafiya a hankali irin wannan hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba, kuma a kafe yake a ƙasa, ba ya faɗawa ramin hanya. Fikof mai buhunan masara daban ce.

Abba_Turbo: Ni dai sandar silba nake sa wa, wato ta ƙarfen da ba ya tsatsa, 309. Tana da sauƙin samu fiye da sandar nikel ta waldar kas kuma tana riƙewa.

Oga_Panteka: Tana riƙewa wani lokaci. Wani lokaci kuma kana tsaye za ka ji ƙaramar ƙara, tsik, tana hucewa ta tsage. In ka ji wannan ƙarar ka san aiki ya koma farko.

Injiniya_Hadiza: Dalilin shi ne kumbura. Mita ɗaya na kas in ya ƙara zafi da digiri 100 yana ƙara tsawo kimanin milimita 1. Ƙarfe mai laushi kimanin 1.2, ba su yi nisa da juna ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa irin na 304 da danginsa kuwa kimanin 1.7. Kowane tashin inji da kashe shi, ɗaya yana jan ɗaya. Wannan ya shafi bututun ma, ba sandar kaɗai ba: in za a manna bututu a kas, gara baƙin ƙarfe a kan mai ƙyalli.

Baban_Ummi: Ina biye da ku, Allah ya saka. Oga Panteka, wace ce ƙa'idar da ka ce? Ina so in san abin da zan tsaya a kai in na je wurin wani mai waldar.

Oga_Panteka: To saurara Alhaji. Da farko a kwance manifol a sauke shi ƙasa. A kankare duk tsohuwar waldar nan har sai an iso kas mai rai, kada a bar ko ɗigo, domin in fayil ya zame a wurin bai ci ba to har yanzu kana kan wurin da ya ƙone. In akwai tsaga da ta miƙe, a nemi ƙarshenta a huda ƙaramin rami da diril, ta nan za ta tsaya. Mu kan shafa kananzir a goge, a bi da alli, inda tsaga take za ka ga layi ya jiƙe ya fito.

Sanda kuma nikel. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda kusan zallan nikel ce, ana rubuta mata ENi-CI, akwai wadda nikel ɗinta kimanin kashi 55 ne sauran ƙarfe, ENiFe-CI. In kas da kas ne kuma za a huda ko a yi zare daga baya, ta farko ta fi laushi. In kas da baƙin ƙarfe ne irin naka, ta biyun nake ɗauka, ta fi ƙarfi kuma ba ta cika tsagewa ba. Tsada gare su, shi ya sa ɗai-ɗai ake sayar da su.

Sai gashi. Ni a kan gawayi nake ɗora manifol ɗin gaba ɗayansa, ba wurin aikin kaɗai ba, ina juya shi har zafi ya ratsa ko'ina. In ka gasa gefe ɗaya ka bar ɗaya da sanyi, wani wurin daban zai tsage maka. Sannan in rage wutar inji, in fara shimfiɗa nikel siriri a fuskar kas ɗin shi kaɗai tukuna, kamar ana shafe. A kan wannan shafen ne zan haɗa sabon ƙarfe. Ba a jan walda doguwa. Ɗan tsawon gaɓar yatsa, ka tsaya, ka ɗauki ƙaramar guduma mai kan ƙwallo ka bubbuga waldar tun tana da zafi, ka koma ɗaya gefen ka yi haka. Bugun nan yana shimfiɗa ta, ya rage jan da take yi. In an gama a mayar da shi kan gawayi ya ɗan daidaita, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi, a tafi gida. Sai gobe. Wanda ya ce maka ka zauna a benci ka jira yanzu-yanzu, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Dan_Maƙera: Binnewa a toka, wannan ai aikin kakanninmu ne. Haka muke yi wa ƙarfen da muke so ya yi laushi a maƙera. Toka ta fi yashi riƙe zafi a gwajina, kuma yashin damina yana da laima, a kula.

Yusuf_Poly: Oga, digiri nawa ake kai shi wajen gashi? Kuma ya za a gane ba tare da na'ura ba?

Oga_Panteka: Ni idona da hannuna ne na'urata, Injiniya ta ba ka lamba.

Injiniya_Hadiza: Ga sandar nikel, digiri 300 zuwa 400 ya wadatar a irin wannan aiki. Kada a bari ya wuce 650, kuma in ya fara ja sosai an yi nisa. Dabara biyu: ka goge wani ɗan wuri a jikin bututun ya yi fari, in ya rikiɗe ya zama shuɗi kana wajen 300. Ko ka ja layi da sabulun wanki, in ya koma baƙi kana wajen 400. Akwai kuma hanyar sanyi, wadda ba a gashi sam: a yi ɗan ɗinki gajere, a bubbuga, a jira har sai an iya ɗora tafin hannu a wurin kafin a ƙara. Tana cin lokaci amma tana aiki. Abin da ba a so shi ne a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya.

Issoufou_Maradi: Sallama daga Maraɗi. Mu nan fonti muke ce wa kas. Tsofaffin masu gas a wajenmu da tsohon ringin fistin suke cikon manifol, tunda shi ma kas ne, jinsi ɗaya, kumburinsu ɗaya. Amma sai an gasa abin gaba ɗaya ya yi ja a cikin murhun bulo, mutum yana aiki zafi yana dukan fuskarsa. Masu haƙurin wannan sun yi ƙaranci yanzu.

Malam_Tagulla: Malam Issoufou ka tuna mini da maigidana, Allah ya jiƙansa. Da ringin babbar mota yake yi. Wannan ita ce waldar kas ta asali, launi ɗaya, in an goge ba ka gane wurin. Sai dai kas da kas take haɗawa, ba ta dace da siririn bututu ba, kafin kas ya narke yadda ake so bututun ya sha wuya.

Issoufou_Maradi: Amin Baba. Haka ne, kunnen za a gina da ita, ba bututun ba.

Hamza_Kofar_Ruwa: Jama'a duk wannan wahalar ta mece ce? Gawayi, toka, kwana guda, sandar nikel. Mota ce da aka haɗa a Kaduna tun 1975 aka yi ta haɗawa shekara da shekaru, gawarta ta cika ƙasar nan. Ya zo Ƙofar Ruwa ya ɗauki manifol na hannu mai kunnuwa lafiyayyu, ya sa sabon gaskit, ya ɗaure. Kafin azahar yana kan hanya.

Sadiq_Mekanik: Ni ma can na fi karkata. Sai dai a duba da kyau kafin a biya. A rataye shi a ƙwanƙwasa da sifana, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. A kuma ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar da ke manne da top silinda, wato kan inji, a ga ko ta karkace.

Oga_Panteka: Hamza, kai ɗan kasuwa ne, kuma ba ƙarya ka faɗa ba. Ga 504 ana samu. Amma zauren nan ba mutum ɗaya ke karantawa ba. Wanda ke da tarakta ko tsohon janareta da babu kayansa a ko'ina fa? Dole ya san yadda ake gyara.

Hamza_Kofar_Ruwa: Wannan kuma na sallama Oga.

Maman_Hanif: Ku yi haƙuri in katse ku, ni ba makanika ba ce, ma'aikaciyar jinya ce. Kowa yana maganar sanda, amma Baban Ummi ya ce hayaƙi yana shiga gidan gaba, ba wanda ya tanka. Cikin hayaƙin nan akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Direba a kan titi da barci, kun san sauran. Ita ce dai mai kashe iyalai in an kwana da janareta a cikin gida. Don Allah Alhaji, kada ka ɗauki yara a motar nan, kada ka rufe gilashi, kuma in da hali ka ajiye ta har a gyara.

Baban_Ummi: Hajiya na gode ƙwarai. Wallahi kwanakin nan ina dawowa da ciwon kai, na ɗauka rana ce. Na ajiye ta daga yau.

Maman_Hanif: Allah ya kiyaye. In ciwon kan bai sake ka ba bayan ka huta a iska, ka je asibiti ka faɗa musu abin da ka shaƙa.

Abba_Turbo: Tunda an shigo maganar lafiya, masu yin salansa da fayif ɗin ruwa mai farin shafe su ma su ji. Hayaƙinsa fari ne, yana sa zazzaɓi da dare. Mu dai madara muke sha bayan aiki.

Injiniya_Hadiza: Shafen nan zinki ne, yana tafasa a digiri 907, wutar walda kuwa ta ninka haka. Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa, ba sa haɗuwa. A kankare shafen daga wurin da za a yi walda, a yi aiki a fili, iska tana kaɗawa daga bayanka. Kuma zinkin yana ɓata waldar kanta, yana sa mata ƙananan ramuka.

Yusuf_Poly: In koma kan nikel, na ji ana cewa akwai ta jabu. Da maganaɗisu ake gane ta ko? An ce in ya kama to ba nikel ba ce.

Injiniya_Hadiza: A'a Yusuf, maganaɗisu yana kama nikel, wannan gwajin zai ruɗe ka. Abin da ke faruwa shi ne akwai wata sanda ta baƙin ƙarfe da ita ma aka yi don kas, lambarta ESt, tana da araha, a kasuwa duka sandar kas ake ce musu. Waldarta tana yin tauri, diril ba ya cin ta. Ka karanta lambar da ke jikin sandar ko kwalin.

Oga_Panteka: Ko ka ɗiga ta a kan guntun kas ka sa fayil. Nikel tana ba fayil hanya.

Garba_Tifa: Ni tambayata daban ce amma dangin wannan ce. Ina so in sa ƙaramin bututu a jikin manifol na tifa, na na'urar auna zafin hayaƙi. Shi ma sai an yi duk wannan gashin?

Sadiq_Mekanik: A'a Malam Garba, kada wuta ta kusanci wurin. Ka nemi inda kas ɗin ya fi kauri, ka huda, ka yanka zare da taf, ka ɗaura mahaɗa mai zare. Kas yana da daɗin hudawa, garinsa kamar toka yake zuba, ba ya buƙatar mai. Galibin na'urorin nan zaren fayif na inci 1/8 suke zuwa da shi, mai tsukewa, yana toshe kansa. Kada ka matse da ƙarfin tsiya, zai iya tsaga wurin. In motar tana da turbo, ka sauke manifol ɗin kafin ka huda, garin ƙarfe in ya shiga fankar turbo ɓarna ce babba.

Garba_Tifa: Madalla, ka hutar da ni.

Dan_Maƙera: Wani abu da ba a faɗa ba: ba kowane abu mai kama da kas ne kas ba. Ka taɓa shi da giranda. Tartsatsin kas gajere ne, ja mai duhu. Na ƙarfe dogo ne mai haske. A motocin zamani ma da yawa manifol ɗin bututu ne tun daga kamfani, wannan waldarsa ba ta da wata wahala.

Sadiq_Mekanik: Baban Ummi, ina da tambayar da ta fi duk waɗannan. Me ya karya kunnen tun farko? Kas ba ya karyewa haka kawai. Ka duba injin sit, wato robobin da inji ke zaune a kai, ka duba robobin da ke rataye salansa.

Baban_Ummi: Na leƙa yanzu da tocila. Robar tsakiya babu ita, da waya aka ɗaure. Ta baya kuma an yi mata walda da rodi a jikin shasi, ba ta motsi ko kaɗan. Injin sit na gefen direba ya tsage.

Sadiq_Mekanik: To ga ɓarawon nan. Inji yana tsalle, wutsiyar salansa a kafe, duk ƙarfin yana sauka a kunnen manifol. Ko sabo fil ka saka, haka zai karye. A yanke rodin nan, a mayar da robobi, a canza injin sit. In ka samu, a sa guntun bututu mai lanƙwasa, mai saƙar waya a jiki, a ɗan ƙasa da mahaɗar, yana shanye girgiza.

Oga_Panteka: Sadiq ya kama bakin zaren. Amma in ƙara, in har Alhaji ya zaɓi gyara maimakon saye, ga yadda zan yi. A yanko faifan ƙarfe mai kaurin milimita 10, a huda masa ramin hayaƙi da ramukan noti. Shi za a haɗa da kas da nikel, tunda mai kauri ne yana jure wuta, ba kamar bututu mai kaurin milimita ɗaya da rabi ba da ke ƙonewa kafin kas ya ji ɗumi. Wani faifan a walda shi a bakin bututu da sandar yau da kullum, gaskit a tsakani, noti na tagulla don kada tsatsa ta kama su. Lokacin gashi kuma a ɗaure manifol ɗin a jikin tsohon top silinda ko ƙarfe mai kauri, in ba haka ba zai murɗe, ka mayar ka ga ramuka sun ƙi haɗuwa.

Malam_Tagulla: Faifan nan in ni ne da tagulla zan kama shi, in ba shi faɗin zama sosai. Har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba.

Injiniya_Hadiza: Baba, in an ba shi faɗin zama kuma robobi suna ɗauke da nauyin salansa, ya fi liƙin baki da baki nesa ba kusa ba. Ni dai a injin fetur zan fi natsuwa da nikel. Akwai kuma sharaɗi ga ku biyun: manifol da ya shekara talatin yana shan wuta wani lokaci kas ɗinsa ya riga ya ƙone, ya zama kamar busasshen burodi. In aka ɗiga nikel ta dunƙule tana gangarewa ta ƙi kamawa, ko tagulla ta ƙi shimfiɗuwa, a ƙara kankarewa a gwada. In ta sake ƙi, babu sauran ƙarfen da za a kama.

Baban_Ummi: Mun sauke shi da safen nan ni da makanikena. Bakin ya cinye fiye da yadda nake zato, walda biyun nan sun tafi da kusan rabin da'irar, kuma da muka shafa kananzir da alli wata tsaga ta fito tana hawa wajen reshe na tsakiya, tsawon yatsa. Stod ɗaya kuma, ƙarfe mai zare da ake ɗaure manifol da noti a kansa, ya karye a cikin top silinda wajen kwancewa. Hamza, zan shigo Ƙofar Ruwa gobe in sha Allah in duba na hannu. Amma tsohon ba zan yar ba, ina so a gwada aikin faifan a kansa in ajiye.

Hamza_Kofar_Ruwa: Allah ya kai mu. Ka zo da tsohon a hannu a gwada ramuka, kada ka saya da ido.

Oga_Panteka: Tsagar da ta kai reshe ta ƙara aiki, amma a huda ƙarshenta yau ɗin nan kafin a yi ta jifa da shi a bayan mota. Shi kuma stod ɗin da ya karye, a ɗora noti a kansa a cika tsakiyar da walda, a bar shi ya huce da kansa, sannan a juya a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. A nan 6013 ɗin ma ta isa.

Yusuf_Poly: Oga, in stod ɗin ya karye a can ciki, ƙasa da fuskar top silinda fa?

Oga_Panteka: Sai ka fara ɗiga walda a kansa kaɗan-kaɗan har ya taso, ka ɗora washa, wato siririn zoben ƙarfe, ka kama, sannan noti a kan washar. Top silindar 504 alminiyon ne, sandar ƙarfe ba ta kama shi, amma ka riƙe wutar a tsakiyar stod kada ka ci zaren ramin.